Mutumin Da Ya Buɗe Wa Teku Ƙofa

Bayan la'asar ne, a tsakiyar zafin Riyad. Rana ta sauko amma iska ba ta huce ba, bangon gidaje sai mayar wa mutane yake da zafin da ya sha tun safe. An yi wani mutum da ke zaune a inuwar tifarsa, gefen wani gini da ba a gama ba a unguwar Suwaidi, yana kallon hoton wani fili a wayarsa. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana da rai, yana cikin garin nan, wataƙila ma wani a cikinku ya taɓa haɗa sahu da shi.

Ya 'yan uwa, ku ba ni hankalinku. Labarin ba na sauri ba ne.

Mutumin nan ɗan Arewa ne. A garinsu babban ruwa shi ne kogi, shi ma da rani ƙafewa yake yi, yara su yi ƙwallo a cikinsa, masu tifa su shiga su ɗebi yashi ba mai tambayarsu. Shi ma direban tifa ne tun a gida. Neman abinci ya kai shi kudu har bakin teku, wani ƙauyen masunta inda Hausawa suka yi zango tun zamanin kakanni. A can ya ga Bashira, 'yar wani dattijo mai sayar da busasshen kifi, ana ce masa Baba Inuwa. Ya nema, aka ba shi. Suka haifi 'ya mace, aka sa mata Muhibba. Yarinyar ta fara tafiya kenan biza ta fito masa, ya bar su a gidan Baba Inuwa ya taho.

A nan ma tifa yake ja, a wani kamfanin gini. Da safe ya fita bayan gari a loda masa, ya kawo, ya zube, ya koma. Da idonsa ya ga an baje tuddan yashi, bayan 'yan watanni gidaje sun tashi a wurin. Bayan magariba kuma yakan zauna a karatun masallaci, ya tsinci kalma nan, ya tsinci kalma can. Wannan alheri ne, ba mai cewa ba alheri ba ne. Da dai ya tsaya a kan gyaran kansa.

To, bari in gaya muku yadda ƙauyen can yake. Tsakanin gidaje da teku akwai wani dogon tudun yashi, ya fi tsayin ɗaki, ya miƙe tun daga inda masunta ke ajiye kwalekwale har bayan maƙabartar zango. Itatuwan kwakwa a kansa, da wata ciyawa mai yaɗo da ke riƙe yashin. In kana cikin gari ba ka ganin teku, ƙararsa kawai kake ji. Kowace shekara kafin damina ana ware rana guda, masunta da mutanen zango su fito tare, maza su kafa itace a jikin tudun, mata su kawo ganyen kwakwa a saƙa tsakanin itatuwan, don iska in ta kwaso yashi ya tsaya a nan, tudun ya ƙara kauri. Kuma akwai doka: ba mai ɗiban yashin tudun nan, ko cikin kwano. Tsofaffin masunta sukan ce wai akwai mai tudun, ba ya son a taɓa. Mutanen zango ba su ce haka ba. Su dai sun tarar ana yi, sun ci gaba da yi.

Filin da mutumin nan ke kallo a waya yana bayan tudun ne, manne da shi. Ya saya. Burinsa ya gina bene irin waɗanda yake kai wa yashi a nan, mai faffaɗar taga, ya zauna a sama ya ga teku. Amma tudu ya tare. Ga shi kuma yashi ne lafiyayye, tuli guda, a ƙofar gida, ba sai an sayo daga nesa ba. Kun san idon mai tifa. Inda wani ya ga tudu, shi lodi yake gani.

A unguwar Ulaisha yake kwana, ɗaki ɗaya da wani abokin aikinsa, Tamimu, mai ɗaurin rodi. Ran nan suna cin shinkafa a faranti ɗaya, ya nuna masa hoton, ya ce in ya je hutu zai fasa tudun nan, domin abin da ake yi a kansa shirka ce.

Tamimu ya ce, "Shehi, yau kuma fatawar yashi aka tashi da ita?"

Ya ce, "Kai ba ka san komai ba. Musulmi suna haɗuwa da masu cewa akwai aljani a tudu, suna yi masa hidima. Wannan mene ne sunansa?"

Tamimu ya tauna lomarsa ya haɗiye, sannan ya ce, "In tambaye ka don Allah. Da tudun nan na ƙaya ne ba na yashi ba, da ka damu da imaninsu haka?"

Mutumin ya yi dariya, ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala, ci abincinka."

Ya 'yan uwa, wannan dariyar ita ce farkon faɗuwarsa. Don ya san amsar. A ransa ya sani sarai.

Da hutunsa ya zo, ya sauka ƙauyen da farar jallabiya da ƙamshin turare, ya raba dabino da zamzam, kowa ya yi murna da Alhaji. Bayan sallar Juma'a ya miƙe a masallacin zango ya yi magana. Ya jefa kalmomin Larabcin da ya tsinta, ya kira masu hidimar tudu mushrikai. Ya ce daga ƙasa mai tsarki ya zo, can ba a tsoron yashi. Samari suka ji daɗi, suka ga ga wanda ya sani. Wa zai yi musu da mutumin da ya dawo daga Makka? Haka suke kiran ƙasar nan duka, Makka, ko da kuwa mutum a Riyad yake jan tifa.

Da yamma surukinsa ya kira shi zaure. Baba Inuwa ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Alhaji, mu ba mu taɓa yanka wa tudun nan ko kaza ba. Itace muke kafawa. Abin da masunta ke faɗa nasu ne, tsakaninsu da Allah. Mu abin da muka gani shi ne, in teku ya yi fushi, a nan yake tsayawa."

Mutumin ya sunkuyar da kai kamar mai ladabi, ya ce, "Baba, Allah ne ke tsarewa, ba yashi ba."

Dattijon ya ce, "Haka ne, ɗana. Amma kai ma in ka zo gangara kana taka birki."

Bai ji ba. Ya yi hayar tifa da motar tono. Masunta suka zo suka tsaya nesa suna kallo, shugabansu ya kai ƙara, amma takardar fili tana hannun Alhaji, kuma akwai waɗanda ya riga ya gaisar. Aka sare kwakwa. Aka tuge ciyawa. Aka yanka tudun gida biyu, aka bar gibi a tsakiya wanda tifa biyu za su wuce a jere. Ranar farko da teku ya bayyana ta gibin, shuɗi, shimfiɗe, samari suka yi ta ɗaukar hoto. Ya buga bulo da yashin, ya zuba harsashi da shi, ragowar ya sayar wa masu bulo na garuruwan kusa. Bai wanke yashin ba. Yashin bakin teku gishiri ne a cikinsa, gishiri kuma yana cin rodi a hankali ta cikin siminti. A Riyad ƙarfe yakan yi shekaru a waje bai yi tsatsa ba, sai ya ɗauka ko'ina haka ne.

Hutu ya ƙare, ya dawo, ya ci gaba da ginin ta waya. Kullum da yamma a nuna masa inda aka kai. Da shekara ta zagayo, ranar gyaran tudu ta zo, samarin zango ba su fita ba. Masunta suka fita su kaɗai, suka saƙa abin da suka iya, amma wa zai ɗinke gibin da mota ta yi da ganyen kwakwa? Wasu ma da suka ga ba abin da ya sami Alhaji, suka fara zuwa da baro suna ɗiba. Gibin ya ƙara faɗi.

Gida ya tashi, fari, mai hawa biyu. Bashira da Muhibba suka tare. Shekara ta wuce lafiya. Wata ta sake wucewa lafiya. Mutumin ya riƙa nuna wa 'yan ɗakinsu hoton yarinyarsa a saman bene, teku a bayanta, yana cewa, "Ina aljanin? Ko ya yi huruj ne, ya bar ƙasar?" Ana dariya. Tamimu ba ya dariya.

Ya 'yan uwa, jinkiri ba yafewa ba ne. Nawa ne a cikinmu suka ɗauki shirun Allah a matsayin yarda?

Sai ga wata damina. Rediyo ta yi kwanaki tana sanarwa cewa wata mahaukaciyar guguwa na tasowa daga cikin teku, kuma za ta haɗu da lokacin cikar ruwa. Aka hana masunta fita. Mai gari ya sa aka yi shela, kowa ya kwashi yara da tsofaffi a hau makarantar da ke kan tudun ƙasa, can cikin gari.

A nan Riyad tsakar rana ce, lokacin da ake tsayar da aiki saboda zafi. Ko gajimare ɗaya babu a sama. Mutumin yana kwance a ƙarƙashin wata rumfa, sai wayar Bashira ta shigo. Iska na ta kaɗawa a bayan muryarta.

Ta ce, "Baban Muhibba, kowa ya tafi makaranta. Baba ya aiko sau biyu. Mu ma za mu tafi."

Ya ce, "Ku je ku kwanta a ƙasan aji da awakin mutane? Masu ɗakin kara su gudu, ke ma ki gudu? Me na gina miki?"

Ta ce, "Ƙarar ruwan yau daban take."

Ya ce, "Ku hau sama ku rufe taga. Gidan nan ginin Saudiyya ne. In kika fita, kin nuna wa garin nan su ne da gaskiya."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita ce kalmar ƙarshe da ya ji daga bakinta.

Waɗanda suka gani sun ce teku ya daki tudun, tudun ya tare, kamar yadda ya saba. Duk tsawonsa ya tare. Sai ruwan ya samu gibin. Abin da ya kamata ya watsu a faɗin gaɓa duka, sai ya taru ya bi ta wuri ɗaya, gidan farko da ya tarar kuwa shi ne farin benen. Bai rushe shi nan take ba. Ta ƙasa ya bi, yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin harsashi, igiya ta zo ta ɗiba ta koma, wata ta zo ta ɗiba. Ginshiƙan da gishiri ya riga ya cinye rodinsu suka fara tsagewa. Gidan ya karkata.

Wasu masunta da suka tsaya ɗaure kwalekwalensu suka hango mace a taga tana ɗaga mayafi. Mutanen nan da ya kira da sunan da ya kira su a masallaci, su ne suka tura kwalekwale cikin ruwan da ba a shiga. Suka matso ƙarƙashin tagar. Bashira ta ɗaure Muhibba da zane ta zuro ta, suka cafe. Suka ce mata ta diro. Igiya ta janye kwalekwalen baya. Kafin su sake matsowa, benen ya kwanta.

Ruwan bai tsaya nan ba. Ya wuce cikin zango ya kwashe gidajen da ke layin, ya shiga masallaci, ya lalata rijiyoyi da gishiri. Wata tsohuwa da ta ƙi barin ɗakinta ta tafi. Ya bi ta maƙabarta ya tone gefenta, har da kabarin mahaifiyar Bashira. Can gefen masunta, inda tudun yake a cike, rufin gidaje kawai iska ta ɗauke.

A nan, mutumin yana ta kiran waya ba ta shiga. La'asar ta yi, ya koma aiki, ya kai lodi ɗaya ya dawo, yana kira. Gab da magariba wani yaro daga zango ya turo hoton bidiyo a zauren wayar 'yan garinsu. Ya gane fentin gidansa a cikin ruwa.

Washegari ya je wurin kafilinsa, ubangidan da ke riƙe da takardunsa, yana kuka, yana neman fita. Aka duba, iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ta ƙare, ba a sabunta ba. Ba fita sai an gyara, gyara kuma ba na kwana ɗaya ba ne. Yana nan a Ulaisha, zaune a bakin katifa, aka samo Bashira, aka yi mata sutura, aka binne ta a sabon wuri can nesa da ruwa. Baba Inuwa ya kira shi sau ɗaya. Bai zage shi ba, bai tsine masa ba. Ya ce, "Mun rufe ta. Yarinyar tana wurina." Ya kashe wayar.

Da zagi ne, da ya fi masa sauƙi.

Bayan wasu makonni ya roƙa aka ba Muhibba waya. A lokacin suna zaune a makarantar nan tare da sauran waɗanda suka rasa gidaje. Ya ce, "Muhibba, Babanki ne." Ta gaishe shi yadda aka koya mata. Sannan ta ce, "Baba, yara sun ce wai kai ne ka buɗe wa teku ƙofa. Da gaske ne?"

Ya 'yan uwa, wace amsa uba zai ba 'yarsa? Wace kalmar Larabci ce za ta fitar da shi? Yarinyar ta yi ta cewa "Baba? Baba?" har aka karɓi wayar.

Ya koma aiki, amma aikin ya ƙi. In aka fara zuba yashi a bayan tifa, sai ƙarar ta cika masa kai. Wata rana ya tsaya a tsakiyar titi da lodi, ya kashe mota, ya kifa kai. Kamfani ya karɓe makulli. Da iƙamar ta fito daga baya, hanya ta buɗe, sai ya kasa tafiya. Ya je ya kalli wa? Dattijon da ya ce masa ya taka birki? Maƙwabtan da ke kwana a aji? Samarin da suka yi masa tafi, waɗanda yanzu su ne suka fi kowa jin haushinsa? Garin bai aiko masa cewa kada ya zo ba. Bai kuma aiko cewa ya zo ba.

Yanzu yakan yi dako a kasuwar Dira in ya samu. Ya rame, gemunsa ya yi fari. A masallaci yana zama sahun baya, ba ya ƙara gyara wa kowa komai.

To, mene ne zunubinsa? Kada wani ya ce guguwa ce. Guguwa ta Allah ce, tana zuwa kan mai kirki da mugu, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma za a tambayi kowa abin da hannunsa ya yi. Tudun nan ba nasa ba ne, ko da takarda ta ce filin nasa ne. Garkuwar gari ce, ta Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ta tsoho da jariri, har da waɗanda ke kwance a kabari. Addininmu ya hana mu cutar da maƙwabci, bai kuma ce sai maƙwabcin da muke salla tare ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rigar da ya sa wa kwaɗayinsa. Da ya ce yashi nake so, da an hana shi, da samari ba su bi shi ba. Sai ya ce tauhidi. Ya ɗauki abu mafi tsarki ya yi shebur da shi. Shirka gaskiya ce, mu guje ta. Amma ba duk abin da kakanni suka bari ne shirka ba. Wani abin hankali ne da aka saya da rayukan mutane tun kafin a haife mu. Kafin ka rushe, ka tambaya me ya sa aka gina. Dogaro ga Allah kuma ba shi ne ka tuge katanga ka ce Allah zai tsare ba.

Mu da muke zaune a ƙasar nan, abin ya fi shafar mu. In muka koma gida ana kallon bakinmu. Mai jan mota, mai ɗaurin rodi, mai shara, da ya sauka da jallabiya ya zama malami a idon mutane. Wannan nauyi ne, ba ado ba. Kalma ɗaya daga bakinka tana iya hana gari fita aikin gayyar da ya tsare su shekaru. Kuma ku da kuke ba iyali umarni ta waya, daga ƙarƙashin sama mai haske, ku tuna ba ku ganin abin da suke gani. In mace ta ce maka ƙarar ruwan yau daban take, ita ce a wurin, ba kai ba.

Ban kawo labarin nan don a nuna shi da yatsa ba. Ƙofar tuba a buɗe take gare shi kamar kowa. Allah ya jiƙan Bashira da tsohuwar nan, ya raya Muhibba, ya ba mutanen ƙauyen can ƙarfin sake tayar da tudunsu. Allah ya yafe masa, ya yafe mana. Allah ya kiyaye mu da son zuciyar da ke magana da muryar addini, ya kiyaye mutane daga hannuwanmu da harsunanmu. Amin.

Har yau a ɗakin Tamimu yake kwana. Esin ɗakin, abin sanyaya iska, tsoho ne, yana ɗiga a cikin bokiti, shi kuwa ba ya iya jin ƙarar ruwa, ko da ɗigo ne, sai ya toshe kunne ya juya bango. Ranar wata Juma'a da hantsi, Tamimu ya yage tsohuwar rigarsa, ya ɗaura tsumman a bakin bututun ya sauke shi har gindin bokitin, ruwan ya riƙa bin tsumma yana sauka shiru. Mutumin bai juyo ba. Tamimu ya ɗauki takalmansa a hannu, ya ja ƙofa a hankali, ya bar shi yana barci.